Namgidde, Mai Ba da Labarin Uwa Berikta

A garinmu Tubasa, can cikin tuddan Numidiya, a arewacin Afirka, inda itatuwan zaitun suka fi mutane yawa, ba a taɓa yin matsoraciya kamar Namgidde ba. Wannan ba ƙage ba ne, ita kanta ba ta musu. In hadari ya haɗo aka yi tsawa, sai dai a nemo ta a bayan tulunan mai. Dinyar maƙwabta, agwagwar nan mai dogon wuya, ta taɓa hana ta fita ɗiban ruwa yini guda cur. Kaza kuwa in za a yanka, sai ta miƙa wa yayanta Muttun wuƙa, ta ruga bayan gida ta toshe kunnuwa, sa'an nan ta dawo tana fige ta tana ba ta haƙuri.

Kaɗin ulu ne sana'arta. Zazzaɓi ya ɗauke mijinta tun 'yarsu Kintula tana goye, sai ta kwashe komatsanta ta koma gidan Muttun, mai matsar man zaitun. Shi bai bi hanyar Almasihu ba. Allolin kakanni yake bi, su ma sama-sama, yakan ce duk allahn da bai hana zaitun 'ya'ya ba, ba shi da rigima da shi. Ya ciyar da su, ya tufatar da su, ya riƙa yi wa ƙanwarsa tsiya a kan addininta safe da yamma.

Abu ɗaya Allah ya ba Namgidde da bai ba kowa a garin ba, shi ne baki. In ta soma ba da labari, mai miya a wuta sai ta manta da ita. Saboda haka ne matan ikilisiya suka ɗora mata labarin Uwa Berikta.

Berikta maginiyar tukwane ce da aka kashe a tsanantawar da aka yi wa masu bi tun kafin a haifi Namgidde. Kabarinta yana bayan ƙofar yamma, gindin wani ɓaure. Matan garinmu sun riƙe ta da hannu biyu. In naƙuda ta yi tsanani, sunanta ake kira. In miji ya yi wa mace rashin mutunci, ko ɗa ya mutu, sai tsofaffi su dafa kafaɗarta su ce ta tuna da Berikta. Kowace shekara, ranar da aka kashe ta, wadda mu muke kira ranar haihuwarta, mata sukan taru a kabarin da fate-faten sha'ir da gurasa da ruwan inabi, su ci tare da ita, su zuba mata rabonta ta 'yar kafar da ke jikin dutsen kabarin. In an ƙoshi, sai a ce Namgidde ta tashi.

Wurin kakarta ta ji labarin, kuma a bakin tsohuwar bai fi numfashi ɗaya ba: an kama ta, an ce ta ƙona wa gunkin sarki turare, ta ƙi, aka kashe ta. Namgidde ta ga wannan ba labari ba ne, ƙashi ne ba nama. Sai ta riƙa sa masa tsoka. Bana ta ce Berikta da ƙafarta ta je gaban alƙali sanye da farar riga, ba wanda ya kira ta. Baɗi ta ƙara da cewa da ƙarfe ya taɓa jikinta sai ta yi murmushi, ta ce kamar ana shafa mata mai. Ba da mugun nufi take yi ba. Mai tsoron dinya ce, tana jin daɗi in ta tsaya a gaban mata, na ɗan lokaci, ta zama wadda ba ta tsoron komai.

Wurin da ya fi kowanne tayar da taro shi ne zuwan uwar Berikta. Kakar ba ta taɓa cewa Berikta tana da uwa a raye ba ma, Namgidde ce ta haifo ta. Sai ta yar da mayafi, ta barbaza gashi, ta riƙa rarrafe a ƙasa muryarta tana makyarkyata:

"'Yata, dubi nonon da kika sha! Turare ne fa, ɗan tsunkule kawai! Jefa ki zo mu tafi gida!"

Mata su yi ta tsaki, suna jifanta da ƙwallon zaitun, suna cewa, "Tashi can, bakin Shaiɗan!" Sa'an nan ta miƙe tsaye, ta zama Berikta, ta dubi ƙasa a sheƙe ta ce, "Matsa, mace. Ban san ki ba." A nan wurin ke kaurewa da guɗa. Kullum Kintula tana layin gaba, tun tana tsotson yatsa har ta zama budurwa, leɓɓanta suna bin kalmomin uwarta.

Ana nan sai doka ta zo daga Sarkin Rum. Aka ɓalle ƙofar majami'armu aka ƙona, aka kwashe littattafai, aka kafa bagade a tsakiyar kasuwa, aka ce kowane gida ya zo ya jefa turare. Namgidde ta kwanta ciwon ciki don tsoro. Muttun kuwa ya sa rigarsa ya tafi kasuwa, ya dawo yana karkaɗe hannu.

"Tashi ki sha kunu, sarauniyar jarumai. Na jefa musu na gidan nan duka, har da na jaki. Sun ce ba ruwansu da mata."

Haka aka yi a gidaje da yawa. Hukumomin garin ba su son jini a kasuwarsu, suka kawar da kai. Namgidde ta yi wa Ubangiji godiya a ɓoye, tana jin kunyar godiyar.

Da aka ce gwamna da kansa zai zauna shari'a a Tubasa ranar kasuwa mai zuwa, ba ta ɗauka abin ya shafe ta ba, sai da ta fito tsakar gida da hantsi ta ga farar riga a kan igiyar shanya. Rigar da aka yi wa Kintula baftisma da ita ce, wadda ke can ƙasan akwati.

"Ke, me ya fito da wannan?"

"Gwamna zai zo, Inna." Kintula tana murmushi kamar wadda aka sa wa ranar aure. "Ni da ƙawayena biyu mun yi alkawari. Da ƙafarmu za mu je."

Mazarin da ke hannun Namgidde ya faɗi. 'Yarta ce guda ɗaya tilo, ba wa ba ƙane, yarinyar da ko ƙaya ta taka sai an zaunar da ita an lallashe ta kafin a cire.

"Wa ya neme ki? Kawunki ya riga ya..."

"Uwa Berikta ma wa ya neme ta?"

Namgidde ta yafa mayafi bai-bai, ta ruga wurin bishop, shugaban ikilisiyarmu. Tsoho ne, yana ɓoye a wata bukkar gona. Ya zo da sandarsa, ya zaunar da yarinyar, ya ce ikilisiya ba ta ce kowa ya kai kansa ba, in an kama ka ka tsaya, in ba a kama ka ba ka gode wa Allah ka zauna. Kintula ta saurare shi kanta a sunkuye. Da ya gama ta ce, "Baba, to Uwa Berikta kuskure ta yi?" Shekara da shekaru tsohon yana jin abin da mata ke faɗa a gindin ɓaure, bai taɓa cewa uffan ba, don yana ganin abin yana ƙarfafa su. Ya dubi Namgidde, ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Ta kulle 'yar a ɗaki. Kintula ba ta yi gardama ba, ta zauna tana waƙar yabo, ta ƙi cin abinci. Da yamma ta yi, Namgidde ta buɗe ƙofa, ta durƙusa a gabanta.

"Ki ji ni da kyau. Farar rigar nan ni na ɗinka wa Berikta. Murmushin ni na sa mata. Kakata ba ta ce da ƙafarta ta je ba, cewa ta yi kama ta aka yi. Ban san yadda ta mutu ba, ban taɓa ganin an kashe mutum ba, ni da ko kaza ba na iya kallo! Ƙarawa na yi don labari ya yi daɗi." Kuka ya ci ƙarfinta, ta kama ƙafafun yarinyar. "Ke kaɗai gare ni. Ki dubi wahalar da na sha a kanki, ki dubi nonon da..."

Sai ta tsaya cak. Ta ji abin da ke fita daga bakinta, ta ga kanta a ƙasa, gashi a barbaje. Kintula tana kallonta da tausayi, idonta cike da hawaye, amma ba alamar mamaki a fuskarta. Ta san wannan wurin a labarin, ta daɗe tana jiran zuwansa.

"Na san za ki faɗi haka, Inna," ta ce a hankali. "Ba ke ce ke magana ba. Ba zan ce ban san ki ba, wannan ba zan iya ba. Amma zan je."

Namgidde ta gane cewa duk abin da za ta faɗa daga nan, ita da kanta ta riga ta koya wa yarinyar amsarsa. In ta ɗaure ta wannan kasuwar, akwai wata. Gwamna in ya bar Tubasa gari na gaba zai zauna, kuma Kintula tana da ƙafa.

Washegari ta sami Muttun a wurin matsar mai, jaki yana zagaya dutse. Ya taɓa ganin irin wannan shari'a a babban birni, bai taɓa ba ta labari ba don ya san halinta.

"Yaya, gaya mini yadda ake yi."

"Ke? Don ki sume mini a nan?"

"Gaya mini."

Ya dube ta, ya tsayar da jakin. Ya ce ana rataye mutum ta hannu a jikin katako, akwai wani ƙarfe mai yatsu kamar na shaho, da shi ake jan haƙarƙari. Ana yi ana tsayawa, a miƙo maka turare. In ka ƙi har gwamna ya gaji, sai takobi a bayan gari.

"Suna murmushi?"

"Murmushi!" Ya tofar da yawu. "Na ga ƙato maƙeri yana kiran uwarsa. Wari ma kawai ya isa. Na rantse da kabarin babanmu, in da 'yarki ta taɓa gani da idonta sau ɗaya, da ba ta wanke wata riga ba."

Namgidde ta tsaya tana kallon man da ke ɗiga cikin tulu. Ta dafa bango. Muttun ya ɗauka labarin ne ya kayar mata da gaba. Bai san maganarsa ta ƙarshe ce ta shige ta ba.

"Ranar kasuwa ka tsaya a bayan Kintula," ta ce. "Kada ka rufe mata ido. Ko ta juya, ka juyo da ita."

Ya daɗe kafin ya fahimta. Da ya fahimta ya zage ta, ya zagi bishop, ya zagi maginiyar tukwane da ke kwance gindin ɓaure, ya ce zai ɗaure su su biyu a jikin dutsen matsa. Ta ce, "Har yaushe?" Ya zauna a kan buhu ya rufe fuska da hannuwansa masu maiƙo.

Ta koma gida ta ce wa Kintula ta yarda, amma da sharaɗi. Babba ke gaba, ba a taɓa yin 'ya ta riga uwarta shiga ba. Ita za ta fara. Kintula ta tsaya a layin gaba kamar yadda ta saba, kada ta buɗe baki sai an gama da uwarta sarai, ta rantse da sunan Almasihu. Yarinyar ta rantse, ta rungume ta tana kukan murna, tana cewa ta san Innarta ba za ta ba ta kunya ba.

Kwanakin da suka rage, tsoro biyu ne suke cin Namgidde. Na farko ƙarfen. Na biyu ya fi muni: ta san kanta, tana iya miƙa hannu ta karɓi turaren tun ƙarfe bai taɓa ta ba. In ta yi haka ta yi musun Ubangijinta, wanda da gaske take ƙaunarsa duk da tsoronta, kuma Kintula za ta fito nan take don ta wanke kunyar gidan. Dole ta ƙi, ta yi ta ƙi, har yarinyar ta ga abin tun daga farkonsa zuwa ƙarshe. Ta je gindin ɓaure ita kaɗai da rana tsaka, ta durƙusa, ta kai bakinta daidai 'yar kafar dutsen.

"Uwa, ban san yadda kika yi ba. Na yi miki ƙage, ki yafe. Ba jaruntaka nake roƙo ba. Ki riƙe mini hannun nan kawai, kada ya miƙe."

Ranar kasuwa ta zo da zafi. An kafa wa gwamna rumfa kusa da bagaden, yana zaune yana korar ƙuda, ana kawo masa rigimar iyakar gona. 'Yan mata uku cikin fararen riguna suka tsaya a gaba, Muttun a bayansu kamar bango. Namgidde ba ta sa farar riga ba, da tsohuwar rigarta ta aiki ta zo, gashin ulu duk a jiki. Ta fito fili tana tafiya kamar mai taka ƙaya. Bakin nan da ke cika maƙabarta ya bushe ƙaf.

"Ni Kirista ce," ta ce, ba wanda ya ji.

"Me tsohuwar nan ke so?" in ji gwamna.

"Ni Kirista ce, ranka ya daɗe. Ban jefa turare ba."

'Yan kasuwa suka fashe da dariya. Wani mai kifi ya ɗaga murya, "Namgidde ce fa! A kawo dinya, yanzu za ta tuba!" Gwamna ma ya murmusa, ya ga yadda haɓarta ke rawa, ya ce, "Inna, rana ce ta buge ki. Je ki gida ki sha ruwa." Ƙofa ce aka buɗe mata, duk jikinta ya ja ta zuwa can. Ta waiwaya ta ga Kintula ta ɗaga ƙafa ɗaya, tana shirin fitowa. Sai ta runtse ido, ta kai hannu ta ture kaskon turaren ya kife a ƙasa.

Dariya ta ɗauke.

Ta yi niyyar in zafi ya zo ba za ta danne ba, za ta saki murya don 'yarta ta ji. Ashe ba ta bukatar niyya. Tun suna ɗaure mata hannu fitsari ya zubo mata. Da ƙarfen ya sauka, wani ihu ya fita daga cikinta wanda ita kanta ba ta san muryarta ce ba. Ta kira uwarta da ta daɗe da mutuwa, ta kira Muttun, ta roƙi sojan don Allah ya bari, ta kira shi ɗana. Ba waƙa, ba magana mai daɗi ko ɗaya. Tantabarun kasuwa suka tashi. Aka tsaya, aka miƙo mata turare a tafin hannu, daidai hancinta. Ta dube shi kamar mai ƙishi ta ga ruwa, tana kuka, majina da hawaye sun haɗe, ta girgiza kai.

Aka sake. Da aka tsaya karo na gaba ta nemi layin gaba da ido. Fararen riguna biyu sun ɓace. Ɗaya ta rage. Kintula tana son juyar da kai, manyan hannuwan kawunta sun riƙe mata fuska, shi yana kuka kamar yaro. Murmushin amarya ya tafi. Fuskar yarinyar da ta taka ƙaya ce, bakinta a buɗe, tana cewa "Inna, Inna" ba sauti. Namgidde ta ga haka, ta ji wani abu ya sauka daga ƙirjinta. Tsoron bai tafi ba, har bayan gari da shi aka ja ta, ƙafafunta ba su iya ɗaukarta. Amma da aka miƙo turaren na ƙarshe, ba ta ko dube shi ba.

Gwamna ya tambaya ko akwai saura. Kasuwa ta yi tsit. Kintula ta sulale ƙasa, Muttun ya saɓa ta a kafaɗa ya kai gida.

An binne Namgidde gindin ɓauren, kusa da Berikta. Tsanantawar ta wuce kamar yadda irinta kan wuce. Kintula ta yi aure, ta haifi 'ya'ya, ta ga jikoki, ba ta bar bin Almasihu ba ko na yini guda. Yanzu kabari biyu mata ke zuba wa ruwan inabi, kuma an sami wata mai baki da ke ba da labarin Uwa Namgidde. Mu ma mun ji shi: wai da farar riga ta zo, wai tana waƙa har aka kai ta bayan gari. Mutanen da suka tsaya a kasuwar ranar ma sukan gyaɗa kai.

Kintula ce kaɗai ba ta bari. Har ta tsufa ta rasa haƙora, in aka zo wurin waƙar sai ta dogara sanda ta miƙe. Manyan mata su ce tsufa ne, a ƙyale ta. Ita ba su take kallo ba, 'yan matan layin gaba take kallo, masu bin labarin da leɓɓansu.

"Ƙarya ne, ba ta yi waƙa ba," takan ce. "Ina wurin. Ihu ta yi, kuma ni ta yi wa."